Wa Ya Riga Wa: Tarihin Gardamar Ƙarin Girma a Aikin Doka a Kano

Wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo a Kano, ya ratsa ta gefen Fagge da Kantin Kwari, ya nufi wajen Sabon Gari, ba abin da zai gani sai cinkoson 'yan kasuwa, da dilolin atamfa, da 'yan dako. Amma tun kafin a sa wa titin wannan suna, wannan yanki na Waje shi ne inda ikon hukuma biyu ya haɗu a zamanin Turawa. Daga cikin ganuwa har Fagge ƙasar Sarki ce, 'yan dokar En'e ke tsaronta. Daga wajen tashar jirgin ƙasa zuwa Bompai da unguwar Turawa kuwa ikon Gwamnati ne, 'yan sandanta ke tsaro. Ga mutum biyu masu aiki iri ɗaya, kowa da kulkinsa, amma albashinsu dabam, ubangidansu dabam, hanyar da kowa ke bi ya sami igiya a hannun riga ita ma dabam. Daga nan aka gaji wata gardama wadda ba ta mutu ba a tsakanin masu ɗamara, watau gardamar wa ya riga wa, kuma wa ya cancanci ƙarin girma.

Kada mai karatu ya zaci wannan magana masu kaki kaɗai ta shafa. Igiya ɗaya ita ke bambanta albashi, da ɗakin da za a ba mutum a bariki, da fanshon da zai ci bayan ya tsufa. Ban da wannan, a aikin ɗamara wanda ya fi ka muƙami umurni ya ke ba ka, kai kuwa sai ka ƙame ka sara masa, ko da a gabanka aka haife shi. Ɗan sandan da ya ga an danne masa hakki ba shi da ikon huce haushinsa a kan na sama da shi, saboda haka sau da yawa a kan talaka ya ke hucewa.

In aka duba tarihin, za a ga hujja uku ce masu neman girma su ke kawowa. Wani ya ce ya daɗe a aiki. Wani ya ce ya yi karatu, ga takardarsa. Wani kuwa ba ya bukatar ya ce kome, domin mai mulki ya yarda da shi, ko don asalinsa ko don biyayyarsa. Kowane zamani da wadda ta rinjaya a cikinsu.

ZAMANIN DOGARAI

Kafin zuwan Turawa, tsaron gari a hannun dogarai ya ke. Su ke tsaron Sarki, su kamo mai laifi, su kai saƙo wurin hakimai, su tsaya a bakin shari'a har a zartar da abin da alƙali ya yanke. Galibinsu bayin sarki ne, ko cucanawa, watau waɗanda aka haifa cikin gidan sarauta. Shugabansu Sarkin Dogarai, shi kuma yana cikin jerin manyan bayi irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama.

A wancan tsari babu littafin da a ke rubuta ranar da mutum ya fara aiki, babu jarrabawa, babu albashin wata. Mutum ya kan ɗaukaka in Sarki ya ga amanarsa da jaruntakarsa, ko kuwa in gidansu ne ke riƙe da muƙamin tun kakanni. Ba a rasa hassada da ƙulle-ƙulle ba, don fada ba ta rabuwa da su. Amma ba wanda zai iya tsayawa ya ce an karya doka da aka ɗaukaka wane a kansa, gama yardar Sarki ita ce dokar.

Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu 1903. Da ya ke ba su da isassun mutane, kuma dabararsu ita ce su yi mulki ta hannun sarakuna, sai suka bar dogarai a kan aikinsu. Wajen 1909 aka kafa Baitulmali a Kano, aka fara yanka wa ma'aikatan Sarki albashi. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma shi ne mafarin labarinmu. Da zarar an ce albashi, dole a rubuta suna, a rubuta ranar ɗauka, a rubuta wanda ya fi wani kuɗi. Tun daga ranar da malamin Baitulmali ya ja layi a takarda, daɗewa a aiki ta zama abin da a ke iya ƙirgawa, abin da a ke iya ƙirgawa kuwa ana iya gardama a kansa.

'YAN DOKA DA 'YA'YAN SARKI

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gari ya buɗe. Cinikin gyaɗa ya kawo kamfanonin Turawa da Kwara, aka kafa Sabon Gari domin baƙi daga Kudu, Fagge ta cika da fatake da 'yan ci-rani. Sata da sane suka yawaita, aka ga dogarai masu manyan riguna ba za su iya da wannan sabon yayi ba. Wajen 1925 aka ware wata ƙungiya a Kano, aka kira su 'yan gadi, aka ba su kaki, aka koya musu fareti. Su ne daga baya aka sani da 'yan doka. Dogarai suka koma ga hidimar fada da ta hakimai. A daidai wannan lokaci ne kuma, da hawan Sarki Abdullahi Bayero a 1926, aka rage ikon manyan bayin sarki a sha'anin mulki.

Sai wata matsala ta taso. Mutane suna ganin aikin kama ɓarawo aikin bayi ne, ɗan mutunci ba ya shigarsa. Maganin da Turawa da sarakuna suka samo shi ne a ɗora ɗan sarki a kan 'yan doka, don aikin ya yi kwarjini. A Katsina aka naɗa Usman Nagogo, ɗan Sarki Dikko, shugaban 'yan doka a 1929, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Shi ne ya zama Sarkin Katsina a 1944. A Kano ma haka aka bi. Ado Bayero ya zama Wakilin Doka a 1957, yana da shekara 27, bayan ya yi Midil ta Kano, ya yi aikin banki, ya kuma zauna a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa. Ya riƙe muƙamin har 1962, sa'ad da aka tura shi jakada ƙasar Senegal, a 1963 kuwa ya zama Sarkin Kano.

Dabarar ta yi amfani. Ɗan sarki yana iya shiga inda ɗan doka talaka ba ya isa, yana iya faɗa wa hakimi gaskiya, kuma an yabi Ado Bayero da ƙoƙarin rage al'adar nan ta tsare mutane don kawai wani babba ya ce a tsare su. Amma a dubi abin ta idon wanda ke ƙasa. Mutum ya shiga yana kurtu, ya yi shekaru kafin ya sami igiya ɗaya, ya zama kofur, ya zama saje, in Allah ya ja kwanansa ya kai samanja. Ya san kowane lungu na Fagge, ya san ɓarayin kasuwa da sunayensu. Duk da haka ya san kujerar da ke saman tasa ba za ta taɓa zama tasa ba, domin ba a haife shi a gidan da a ke ɗauko mai zama a kanta ba.

A ƙasa ma ba a zauna lafiya ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da suka komo daga Bama da sauran fagagen yaƙi da yawa suka nemi aikin doka. Sun iya fareti, sun iya bindiga, wasu da igiyarsu suka baro soja, suna kuwa ganin bai kamata a sa su a bayan wanda bai taɓa jin ƙarar igwa ba. Sa'an nan ga samari masu ilmin elementare ko Midil, waɗanda a ke turawa kos a makarantar 'yan sanda ta Kaduna. Su ne suka iya rubuta rahoto, suka iya karanta littafin doka, kuma su ne Baturen ɗan sanda mai ba En'e shawara ya fi so a ciyar gaba. Tsohon da ba ya karatun boko sai ya wayi gari yaron da ya koya wa ɗaura ɗamara ya zama sufeto a kansa. Da siyasa ta shigo kuma, bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, sai aka ƙara wani ma'auni, watau yadda mutum ya ke nuna zafi a kan abokan hamayyar En'e.

'YAN SANDAN GWAMNATI

Su kuwa 'yan sandan Gwamnati asalinsu daga soja ne. A 1861 aka kafa 'yan tsaro mutum 30 a Ikko. Bayan shekara biyu aka ɗebi Hausawa, galibinsu bayin da suka gudo, aka ba su bindiga, har aka riƙa kiran rundunar da sunan Hausa. A 1888 Kamfanin Neja ya kafa tasa rundunar a Lokoja, daga cikinta aka fitar da 'yan sandan Arewa bayan 1900. Ran 1 ga Afrilu 1930 aka haɗa na Arewa da na Kudu suka zama rundunar Nijeriya guda, ƙarƙashin Sufeto Janar ɗaya. Wannan asali shi ya sa har yau muƙamansu da faretinsu da ladabinsu irin na soja ne.

A nan bangon da ya tare mutum launin fata ne. Shekaru masu yawa manyan hafsoshi duk Turawa ne, baƙin mutum kuwa, kome ƙwazonsa, a sufeto ya kan tsaya. Saurayin Bature ya sauko daga jirgi da aninai a kafaɗa, tsohon sufeto ya sara masa, sa'an nan ya zauna ya koya masa aikin. Da mulkin kai ya gabato, aka shiga gaggawar maye gurbin Turawa da 'yan ƙasa. Ba za a iya jiran kurtu ya yi shekara ashirin ba, saboda haka aka buɗe ƙofar ɗaukar masu ilmi kai tsaye a muƙamin tsakiya, aka kuma kawo waɗansu daga aikin mulki. A Arewa abin ya fi tsanani, don masu takarda kaɗan ne, Gwamnatin Sardauna kuwa ta dage sai 'yan Arewa sun riƙe aikin Arewa. Louis Edet ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin Sufeto Janar a 1964, Kam Selem mutumin Barno ya gaje shi a 1966. A farkon shekarun 1960 ne kuma aka kafa rundunar kwantar da tarzoma, wadda a ke kira mobal, masu horo da makamai irin na soja.

Turawa sun tafi, amma ƙofa biyu da aka buɗe ba a rufe ko ɗaya ba. Wani ya shigo ta ƙasa ya hau tsani taki-taki, wani ya shigo ta tsakiya ya tarar da shi a hanya ya wuce.

RANAR DA SUKA HAƊU A FAGGE

A 1940 aka mai da Sabon Gari ƙarƙashin En'e ta Kano, 'yan doka suka shiga tsaronta. Amma ranar da aka gane nauyin zaman runduna biyu a gari ɗaya ita ce ta rikicin 1953. A watan Maris na shekarar Anthony Enahoro ya kawo batu a majalisar Ikko, cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ƙi, 'yan gari suka yi musu ature. Da aka ji jam'iyyar Action Group za ta aiko ƙungiya Kano ƙarƙashin S. L. Akintola don ta yi taro a Sabon Gari, sai gari ya ɗauki zafi. Ran Asabar 16 ga Mayu faɗa ya ɓarke, aka kwana huɗu ana yi, mafi yawansa a kan iyakar Fagge da Sabon Gari. Lissafin Gwamnati ya nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Sai da aka kawo soja kafin wuta ta mutu.

A kwanakin nan 'yan doka da 'yan sandan Gwamnati sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, jifa ɗaya ke samunsu. To, sajen En'e mai shekara ashirin a aiki da kofur na Gwamnati mai shekara biyar, wa ke gaba da wani? Igiyar wannan daga Majalisar Sarki ta fito, ta wancan daga Kaduna ko Ikko. Albashin ɗan doka gwargwadon ƙarfin Baitulmalin ƙasarsa ne, har ma na Kano, wadda ta fi kowace En'e arziki, ba ɗaya ya ke da na ƙaramar En'e ba. Muddin kowa na gefensa ana iya kau da kai daga wannan tambaya. Ranar da za a zuba su a littafi ɗaya kuwa, tilas a amsa ta.

HAƊEWA

Ranar ta zo bayan juyin mulkin Janairu 1966. Gwamnatin Janar Ironsi ta sa 'yan doka ƙarƙashin umurnin Sufeto Janar, ta kuma naɗa kwamiti wanda Yusufu Gobir ya shugabanta, don ya duba sha'anin 'yan doka da gidajen yari. Ƙarar da aka fi kawowa ita ce an mai da 'yan doka sandan dukan abokan hamayya, a Arewa da Yamma duka, kuma ba a bin ƙa'ida wajen ɗauka da ƙarin girma. Kwamitin ya ba da shawara a haɗe su da rundunar Tarayya, Gwamnatin Janar Gowon ta karɓa. Daga 1968 aka shiga aikin, cikin 'yan shekaru kaɗan sunan ɗan doka ya zama tarihi.

Abin sha'awa, Gwamnan da aikin ya faɗo a zamaninsa a Kano ɗan sanda ne. An haifi Audu Baƙo a barikin 'yan sanda na Kaduna a 1924, ubansa ma ɗan sanda ne. Ya shiga aiki a 1942, ya koyar da doka a makarantar Kaduna, ya kuma taɓa zama mai lura da 'yan dokar En'e na Jihar Arewa duka. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a watan Mayu 1967 aka ba shi Gwamna, ya riƙe har 1975. Da wuya a sami wanda ya fi shi sanin ɓangaren biyu.

Haɗewar ba zuba ruwa cikin ruwa ba ce. Tacewa aka yi. Aka duba shekarun mutum, da lafiyarsa, da ilminsa. Waɗanda suka tsufa ko suka kasa aka sallame su. Waɗanda aka ɗauka aka mai da su makaranta, kuma ba kowa ne ya tsira da muƙamin da ya zo da shi ba. Ta fuskar Gwamnati akwai hujja, don ba za a ba mutum ikon rubuta ƙara da binciken laifi ba alhali ba ya iya karanta dokar da zai yi aiki da ita. Haka kuma 'yan sandan Tarayya ba za su yarda a jero musu ɗaruruwan sajoji daga waje su tare musu hanya ba. Ta fuskar ɗan doka kuwa, shekarun da ya yi yana sintiri cikin sanyin hunturu ba su zama ƙarya ba don an sauya masa hula. Hausawa sun ce wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, amma a nan sai aka ce da shi kwanan da ya yi a wancan ɗaki ba duka za a ƙirga ba.

An yi hasarar wani abu kuma wanda ba a rubuta shi a takardar albashi. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san mai unguwa, ya san harshe, in ya yi zalunci an san gidan ubansa. Bayan haɗewa sai a ɗauko mutum daga ko'ina a ajiye shi a ko'ina, ƙarin girmansa kuwa a hannun waɗanda ba su taɓa ganin aikinsa ba. Tsarin mulkin 1979 da na 1999 duka suka rubuta cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa.

SUNAN TITIN

Shi kansa sunan da titin ke ɗauke da shi yana da nasaba da irin wannan gardama, ko da ya ke ta soja ce. Kanar Ibrahim Taiwo shi ne Gwamnan Jihar Kwara, aka kashe shi ran 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar Kanar Dimka ya ja. Wata guda kafin nan an yi ƙarin girma a soja. Murtala ya zama cikakken Janar, Obasanjo da Danjuma suka zama Laftanar Janar, Bisalla kuwa, wanda a da ya ke gaba da Danjuma, aka tsayar da shi a Manjo Janar. Gwamnati ta ce ɓacin rai a kan wannan na cikin abubuwan da suka hura wutar, aka kuma harbe Bisalla tare da waɗansu a watan Maris. Bayan haka, don a daidaita rabon mulki tsakanin sassan ƙasa, aka ɗaga Shehu Musa 'Yar'aduwa daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya a tashi ɗaya, ya tsallake hafsoshi masu yawa. Wannan ya isa ya nuna cewa a hannun masu bindiga maganar wa ya riga wa tana iya kai ga jini.

ZAMANIN BAYA-BAYAN NAN

A shekarun mulkin soja aka yi sakaci da 'yan sanda. Mutum ya kan shekara goma ko fiye a muƙami ɗaya, ba laifi, ba bayani. Ran 1 ga Fabrairu 2002 ƙananan 'yan sanda suka yi abin da ba a taɓa gani ba, suka tafi yajin aiki saboda bashin alawus da tsayawar ƙarin girma, har sai da aka fito da soja su tsare muhimman wurare. A watan Maris aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith. Wanda aka naɗa, Tafa Balogun, daga Kano aka ɗauko shi, inda ya ke shugabancin Shiyya ta Ɗaya. Aka biyo baya da ƙarin girma na mutane masu ɗimbin yawa a lokaci guda, wanda ya sanyaya zukata, amma bai gyara tsanin ba.

Ya kamata a bayyana wata al'ada a nan. A ƙarƙashin Sufeto Janar akwai mataki biyu, manyan mataimaka da ƙananan mataimaka. Shugaban ƙasa yana da ikon ɗauko wanda ya ga dama daga ƙaramin matakin. In ya yi haka, waɗanda su ke gaba da sabon shugaban a kan yi musu ritaya, wai don kada babba ya sara wa ƙaninsa. An ga haka ƙarara a 2016. Ibrahim Idris, wanda ya shiga aiki a 1984, ya daɗe a rundunar mobal, ya kuma riƙe Kwamishinan 'yan sandan Kano lokacin zaɓen 2015, aka naɗa shi Sufeto Janar a watan Yuni. Ban da manyan mataimaka, ƙananan mataimaka 21 aka sallama saboda sun riga shi. Waɗannan mutane ne da ƙasa ta kashe kuɗi ta horar shekara talatin, aka rabu da su rana ɗaya ba don sun yi laifi ba.

Gardamar ƙofa biyu ma ta sake dawowa, kuma tushenta na ƙasar Kano. A 1988 aka buɗe makarantar horon hafsoshin 'yan sanda a wuri biyu, Challawa da Kaduna, a 1996 aka haɗe su a Wudil. Cikin waɗanda suka shiga akwai waɗanda dama 'yan sanda ne, sun fara daga kurtu, suka yi karatu suka sami digiri, sa'an nan suka koma ta ƙofar hafsoshi. Ƙa'idar aikin Gwamnati ita ce mutum ya yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki. To, daga yaushe za a fara ƙirga nasu, daga ranar da suka shiga kurtu, ko daga ranar da suka zama hafsoshi? A 2017 Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta ce daga ta biyu. A ƙarshen Janairu 2025 ta warware wannan, ta ce daga ta farko, duk wanda ya haura ya tafi gida. Waɗanda abin ya shafa suka garzaya kotu. Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne a 2024 an gyara dokar 'yan sanda don Sufeto Janar ya cika shekara huɗu a kujerarsa ko da ya wuce 60. A dubi yadda abin ya juya. A lokacin haɗewa ɗan doka kuka ya ke a ƙirga masa tsofaffin shekarunsa, waɗannan kuwa roƙo su ke kada a ƙirga nasu. Tambayar dai ɗaya ce, wace rana ce malamin ofis zai rubuta a gaban sunan mutum.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Indiya, wadda ita ma daga Ingila ta gaji tsarin 'yan sandanta, hafsoshin rundunonin tsaron iyaka da na kwantar da tarzoma sun yi shekaru suna shari'a, don manyan kujerunsu a kan ba waɗanda a ke aro daga wata rundunar. Kotun Ƙolin ƙasar ta yi hukunci a kan batun a 2019, ta sake yi a 2025.

ABIN DA TARIHIN YA KOYAR

Masu ilmin tarihin Musulunci sun san maganar ta girmi Turawa. Da Sayyadina Umar ya kafa diwani, ya jera mutane bisa rigaye, ya fifita mutanen Badar a kan na bayansu. Amma kafin nan an ɗora Usamatu ɗan Zaidu, yana saurayi, a kan rundunar da ke da manyan Sahabbai a ciki. Ashe rigaye yana da hakki, cancanta ma tana da nata, ba a jefar da ɗaya don ɗaya.

In aka ce daɗewa kaɗai za a bi, rago zai zauna ya jira shekaru su ɗauke shi, mai ƙwazo ya karaya. In aka ce takarda kaɗai, za a raina wanda ya san aiki a hannu. In kuwa aka bar abin ga yardar mai mulki, kowane ɗan sanda zai bar tsaron jama'a ya koma neman ubangida. A duk rigingimun da muka zana, daga samanjan En'e har zuwa hafsoshin Wudil, abin da ya fi cin rai shi ne mutum ya shiga aiki bisa wata ƙa'ida, ya yi rabin rayuwarsa a kanta, sa'an nan a sauya ta da rana tsaka, ko a sauya ta saboda mutum ɗaya.

Saboda haka gyaran yana farawa daga abubuwa masu sauƙin faɗi. A rubuta ƙa'ida kowa ya san ta tun ranar da ya sa hannu. A tsare littafin aiki kada a kankare kwanan wata ko shekarun haihuwa. A yi jarrabawa a kan lokacinta, a bayyana sakamako. In za a ɗaga wani a kan na gaba da shi, a faɗi dalili a rubuce, wanda aka tsallake kuma ya sami inda zai kai kuka ba tare da an kira shi mai tawaye ba. Ɗan kasuwar Kwari da mai shago a Sabon Gari ba su da kujera a inda a ke raba aninai, amma su ne ke kwana lafiya in an raba da adalci, su ne kuma ke biya in an yi son kai. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya ji ƙan waɗanda suka rasa rayukansu wajen tsaron jama'a, amin.